Gam, tarko da guba: wanne ne ke raba gida da ɓera a Kaduna?

Da zarar damina ta ja baya a Kaduna, wajen ƙarshen Oktoba, aka kwashe amfanin gona aka fara banka wa ciyayi wuta, sai ɓeraye su yo cikin gari. Abincin daji ya ƙare, maɓoya ta ƙone, ga masara da wake da gyaɗa an jibge a sito. Daga nan har zuwa bazara masu sayar da maganin ɓera ke ciniki a Kasuwar Barci, da Kasuwar Sheikh Gumi, da Kawo, da bakin tashoshin mota. Abin da ke kan teburinsu bai cika wuce huɗu ba: gam, tarko mai sifirin, baƙin gari a ƙullin leda, da dunƙulen guba mai launi a kwali. Gam ne ya fi tafiya, amma a ganinmu shi ne ya fi ƙarancin amfani. Tarko, wanda ake yi wa kallon kayan da, shi ya fi cancantar kuɗin mai gida, muddin an saye shi da yawa kuma an iya ɗana shi.

Kafin ka fitar da ko sisi, duba kashin da kake gani a bayan kabad ko ƙarƙashin buhu. In ƙanana ne baƙaƙe masu tsini kamar ƙwayar shinkafa, tsawon milimita 3 zuwa 6, ƙaramin ɓeran gida ne. In sun kai santimita ɗaya zuwa biyu, babban ɓera ne, irin mai bin silin ko mai fitowa daga kwata. Gafiya ba ta ɓuya, raminta da ɓarnarta kaɗai sun isa shaida. Jaɓa kuwa, mai dogon baki da wari, ƙwari take ci, don haka gubar da aka haɗa da hatsi ba ta cika jan ta ba. Wannan bambanci shi ne mafarin asarar da mutane ke yi: a sayo babban tarko don ƙaramin ɓera, ya zo ya cinye abincin ya wuce tarkon bai motsa ba, ko a sayo ƙarami don babba, ya buge shi a hanci ya tsere, daga ranar kuma ba zai sake kusantar tarko ba.

Gam kwali ne ko faranti da aka shafe da danƙo. Babban kyansa: ba ya bukatar koyo, ka buɗe ka ajiye. Yana kama 'ya'yan ɓera da kyankyasai, yana kuma shiga matsatsin wurin da tarko ba zai samu sararin bugu ba, kamar ƙarƙashin firji. Daga nan sai matsaloli. Ƙurar hunturu tana rufe danƙon cikin kwana biyu ko uku, ya koma kamar busasshen kwali. A zafin Maris da Afrilu, musamman a ɗaki mai rufin kwano, danƙon yana saki ya malale a ƙasa. Babban ɓera yakan bar gashinsa a jiki ya fizge, wani lokaci ya ja kwalin ya shige da shi rami. Wanda ya kamu kuwa ba ya mutuwa nan take. Yana kwana yana kuka, yana fitsari da kashi a kan kwalin saboda tsoro, da safe uwargida ta ɗauka da hannu. A ƙasar da ake fama da zazzaɓin Lassa, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Ga kuma tsaka da ƙadangare da 'yan tsaki da ke faɗawa ciki, da yaro mai rarrafe. In gam ya kama hannun yaro ko gashin mage, kada a ja da ƙarfi. A zuba man gyaɗa a murza a hankali, danƙon zai saki, sannan a wanke da sabulu.

Akwai kuma batun tausayi. Addini ya halatta kashe ɓera, yana cikin dabbobi biyar da aka yarda a kashe ko a Harami, amma an yi umarni da kyautata kisa. Barin dabba ta yini manne a danƙo ba ya cikin kyautatawa. Wanda ya ga dole sai ya yi amfani da gam, ya duba shi da asuba, ya gama da abin da ya kama nan take.

Tarko mai sifirin iri biyu ne a kasuwa: na katako ko na ƙarfe mai sanda, da na roba mai haƙora wanda ake dannawa ta baya kamar abin shanya. Na ƙaramin ɓera tsawonsa kusan santimita 10 ne, na babba kusan 18. Na sanda yana da sassa huɗu da ya kamata ka duba tun a gaban mai kaya: gindin da komai ke zaune a kai, sifirin, sandar bugu, da siririn ƙarfen da ke riƙe sandar ya maƙale a ɗan farantin abinci. Ka ce a ɗana maka, ka taɓa farantin da tsinke. In sai ka danna da ƙarfi kafin ya tashi, ba zai kama ƙaramin ɓera ba, domin nauyinsa duka bai wuce giram 15 zuwa 25 ba. In kuma yana tashi da kansa da an ajiye shi, zai riƙa bugun iska cikin dare yana koya wa ɓeraye tsoro. Duka biyun suna gyaruwa: da filaya ake ɗan lanƙwasa bakin siririn ƙarfen, ya zama da ƙyar yake maƙale a farantin. Wanda sifirinsa ya yi tsatsa ko katakonsa ya kumbura, a bar wa mai shi. Na roba ya fi tsada, amma ya fi sauƙi ga mata da masu tsoron bugun yatsa, farantinsa yana da faɗi, kuma ana zubar da gawar ba tare da an taɓa ta ba. Rauninsa rana: in aka bar shi a tsakar gida robar tana bushewa ta tsage.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen tarko ɗaya. Macen ƙaramin ɓera tana ɗaukar ciki kwana 19 zuwa 21, ta haifi biyar, shida ko fiye, 'ya'yan kuma su isa haihuwa cikin mako shida zuwa takwas. Mai kama ɗaya a kowane dare ba zai taɓa cim musu ba. Kicin da sito na gida madaidaici suna bukatar tarko 8 zuwa 12 a dare ɗaya. Daren farko ne ake kamu mafi yawa, kafin sauran su farga, saboda haka gara a zuba duka lokaci guda da a riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya.

Wurin ajiyewa ya fi abincin da aka sa muhimmanci. Ɓera ba ya gani sosai, da gashin bakinsa yake shafar bango yana bi, kuma ƙaramin ba ya nisa da sheƙarsa, yawonsa bai cika wuce mita 3 zuwa 10 ba. Tarkon da aka ajiye a tsakiyar ɗaki ado ne kawai. A jingina shi da bango, ba a kwance tare da bangon ba, a gicciye, ɓangaren abinci yana taɓa bango, ta yadda ko daga dama ɓeran ya taho ko daga hagu sai ya bi ta kan farantin. A bar tazarar mita 2 zuwa 3 tsakanin tarko da tarko, inda kashi ya yi yawa kuma a jera biyu kusa da juna, don mai tsallake na farko ya faɗa na biyu. Wanda bai san hanyarsu ba ya barbaɗa fulawa siririya a gindin bango da dare, da safe sawu zai nuna masa. Baƙin maiƙon da ake gani a gefen rami ko a kan bututu shi ma alamar hanya ce da ake bi kullum.

Abincin tarko kuwa, tunkuza ta fi komai, saboda tana da ƙamshi kuma ba ta ɗaukuwa, sai an tsaya an lasa. A shafa kamar girman ƙwayar wake, a cusa ta cikin ramin farantin. Ƙuli-ƙuli, busasshen kifi da kilishi suna ja sosai, amma sai an ɗaure da zare, in ba haka ba ɓera zai zare ya tafi. Yawan abinci yana ɓata aiki: ya ci daga gefe ya ƙoshi bai taka farantin ba. In tururuwa na rigan ɓera, a canza zuwa ɗan ƙullin auduga da aka ɗaure, domin mace mai shirin haihuwa tana neman abin shimfiɗa kamar yadda take neman abinci. Kuma ranar da za a ɗana tarko, a kwashe duk wani abinci daga fili: tukunyar tuwo a rufe, kwanuka a wanke, shara a fitar. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Tarko ba zai yi gasa da buɗaɗɗen buhun gyaɗa ba.

Halin ƙarami da babba ya bambanta a nan. Ƙaramin ɓera mai son bincike ne, sabon abu yana jan shi, shi ya sa ake kama shi tun daren farko, in kamu ya tsaya kuma matsar da tarkon ɗan taku kaɗan yakan farfaɗo da shi. Babban ɓera mai zargi ne, yana iya kwana uku yana kewaye sabon abu. Shi sai a ajiye masa tarko da abinci ba a ɗana ba, dare biyu ko uku, sai an ga yana cinyewa sannan a ɗana duka rana ɗaya. A ɗaure babban tarko da waya a jikin wani abu mai nauyi. In sifirin ya fara tauri a ɗiga masa man gyaɗa. Kada a sa masa baƙin mai ko kananzir, warinsu yana korar ɓera daga tarkon. Ga gida mai yara ko kaji, a kifa kwali a kan tarkon, a huda ƙofa a gefe biyu.

Gafiya ta fi ƙarfin waɗannan. Ita sai tarkon keji, irin wanda maƙera da masu walda ke haɗawa a Panteka. A duba ƙofar tana faɗuwa da sauri, tana kuma da maƙulli, don gafiya na iya ɗaga ƙofar da ba ta kulle ba.

Sai guba, inda ake yin kuskure mai cin rai. Baƙin garin nan mai warin tafarnuwa, sunan da ake rubuta masa a jikin leda shi ne zinc phosphide. In ya haɗu da ruwan ciki sai ya saki iska mai guba, ɓera ya mutu cikin sa'o'i. Saurin nan ne ke burge mutane, shi ne kuma rauninsa. Wanda ya ɗanɗana kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ba zai sake taɓa wannan abincin ba, sai a ga gawa uku a rana ta farko, daga nan shiru, ɓarna kuwa tana ci gaba. Yawancin masu haɗawa ma suna zuba shi fiye da kima. Garin mai ƙarfin kashi 80 cikin ɗari, awo ɗaya ake sa wa awo 40 na abinci, in ya wuce haka wari ya hana ci. Babban abin tsoro shi ne ba shi da makari. Kifi ko burodin da aka barbaɗa masa aka ajiye a bayan ƙofa, yaro ɗan shekara biyu ba ya bambanta shi da abinci. Gidan haya mai tsakar gida ɗaya, irin na Tudun Wada ko Rigasa, inda yaran maƙwabta da kaji ke shiga ko'ina, bai dace da wannan gari ba ko kaɗan.

Dunƙulen mai launin shuɗi, kore ko ja, wanda aka haɗa da kakin zuma ko makamancinsa don kada laima ta lalata shi, aikinsa daban. Yana hana jini daskarewa, ɓera ya ci yau ya mutu bayan kwana 3 zuwa 7. Tun da ciwon ba ya zuwa nan take, ba ya danganta shi da abincin, sauran ma su ci. A jikin kwali za a ga brodifacoum, bromadiolone ko flocoumafen, da ƙarfin kashi 0.005 cikin ɗari. Klerat da Storm suna cikin sanannun sunaye. A nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji wanda aka zazzage daga kwali ake sayarwa a ƙulle ba suna. Wannan guba tana da makari, wato bitamin K1, kuma shi ya sa ake ajiye kwalin: in yaro ya ci, a tafi asibiti da shi da kwalin nan take, ko Barau Dikko ko wanda ya fi kusa, kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada kuma a ce ai lafiyarsa ƙalau, domin alamun sai bayan kwana ɗaya ko biyu suke bayyana.

Ba a watsa dunƙulen a fili. A yanko bututun roba na ruwa mai faɗin inci 2 zuwa 3, tsawon santimita 40, a huda tsakiya, a zura waya ta ramin dunƙulen a ɗaure shi a ciki, a kwantar da bututun a gindin katanga a danne da bulo. Ɗaurewar tana hana ɓera ɗauke shi ya kai wani wuri, wataƙila cikin buhun hatsi. A duba bayan kwana 7, a mayar da abin da aka cinye, a ci gaba har a ga an daina taɓawa, sannan a kwashe ragowar. Maganar masu talla cewa wannan magani yana sa ɓera ya fita neman ruwa ya mutu a waje, ko ya bushe ba wari, ba gaskiya ba ce. Inda yake kwana nan yake mutuwa, in a silin ne kuwa za a sha wari mako ɗaya zuwa biyu, ga ƙudaje. Mage, kare ko mujiya da suka ci gawar su ma gubar tana taruwa a jikinsu. Saboda haka wurin wannan dunƙule shi ne bayan gida, gefen kwata, gareji da kewayen sito ko gidan kaji daga waje. Cikin ɗaki da kicin na tarko ne.

Sauran abubuwan da ake ba da shawara a unguwa ba su cancanci dogon bayani ba. Fiya-fiya da Sniper maganin ƙwari ne, zuba su a abinci don ɓera ganganci ne, kuma tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni. Ƙwayar da ake jefawa cikin buhun hatsi tana sakin iska mai kisa da zarar ta sha laima, ta sha hallaka mutane suna barci, kada a kuskura a sa ta a ramin ɓera cikin gida. Indocid, da wasu ke farkewa su zuba a kifi, maganin ciwon gaɓoɓi ne na mutane. Yana yi wa ɓera gyambo a hanji, amma ba a san awon da kowanne ya ci ba, kuma yana cutar da mage da kare. Na'urar da ake maƙalawa a soket wai ƙararta tana kora, ɓeraye suna sabawa da ita cikin 'yan kwanaki, ƙarar ba ta ratsa bango ko kabad, ga shi kuma sai da wuta. Mage tana rage ƙanana, ba ta shiga silin, ba ta tunkarar gafiya. Masu feshi kuwa, in mutum ya ce zai yi feshi ɓera ya ƙare, a tambaye shi ta ina suke shigowa. In bai zagaya ya duba ba, kyankyaso kawai zai kashe.

Ko wanne aka saya, in ba a toshe hanya ba sabbi za su maye gurbi cikin makonni. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta ramin milimita 6, wato duk inda fensir ya shiga. Babba yana bukatar kusan milimita 12. Wuraren da aka fi samu su ne ƙarƙashin ƙofa, inda bututun ruwa ya huda bango a kicin da banɗaki, ramin da aka fasa don bututun na'urar sanyaya ɗaki, mafitar ruwan tsakar gida, da tsakanin kwano da bango. A cusa soson ƙarfe a ramin, a bi da siminti, awo ɗaya da yashi awo uku. Tsumma, leda, katako da kumfar cike rami duk suna ciguwa. Mafitar ruwa a sa mata ragar ƙarfe mai ido bai wuce milimita 6 ba, ragar sauro ta roba ba ta kwana. Ƙofar katako a buga mata falankin ƙarfe a ƙasa, tsayin kusan santimita 30, ya sauko har fensir ya kasa wucewa. Kowane mai walda zai yanka maka in ka kai awo. Don sanin ramin da ke aiki, a cusa takarda da yamma, wanda aka ture da safe shi ne. Reshen mangwaro ko na darbejiya da ya taɓa rufi a sare shi. Hatsi a zuba a duro ko bokiti mai murfi, buhunan da suka rage a ɗora kan katako, a janye su daga bango yadda mutum zai iya zagayawa da tocila.

Kwashe gawa da kashi shi ma aiki ne mai ƙa'ida. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani ɓera mai nonuwa da yawa da ke zama a gidaje da gonaki, kuma a rani ya fi tsananta. Ba a gane mai ɗauke da cutar da ido, don haka kowane ɓera a ɗauke shi a haka. Kada a share busasshen kashi da tsintsiya, ƙurar ce ake shaƙa. A haɗa bilic, wato Hypo ko Jik, awo ɗaya da ruwa awo tara, a jiƙa kashin da gawar da tarkon, a bari minti biyar, a sa safar hannu ko a zura hannu a leda biyu a kwashe, a ƙulle. Gawar a binne ta da zurfin da kare ba zai tono ba, kada a jefa a kwata ko a kan bola inda yara ke wasa. Garin da aka ga kashi a ciki a zubar, tankaɗewa ba ta tsarkake shi. Wanda zazzaɓi ya kama cikin mako uku bayan irin wannan aiki, ya sha maganin maleriya bai sauka ba, ya je asibiti ya faɗa wa likita cewa ya yi hulɗa da ɓera.

Tarkon da aka wanke da ruwan bilic a ɗauraye shi a shanya sosai kafin a mayar, don sifirin kada ya yi tsatsa. A bar tarkuna a ɗane har a yi kwana bakwai a jere ba kamu, ba sabon kashi, ba sawu a fulawa. Sabon kashi baƙi ne mai sheƙi da laushi, tsoho kuwa toka-toka ne, yana marmashewa in an danna shi da tsinke. Bayan nan a bar biyu a sito da ɗaya a bayan firji, a riƙa canza musu tunkuza duk mako har ruwan farko ya sauka.